Ƙarfe ko Lantarki: Nazarin Dabarun Hana Ƙafar Mota Santsi a Ƙasar Zamfara

1.0 Gabatarwa

Direban da ya tashi daga Gusau ya nufi Tsafe ta hanyar Funtuwa, ko Bunguɗu ta hanyar Sakkwato, kwalta zai taka. Amma da zarar ya ratse zuwa ƙauye, sai taɓo da damina, rairayi da rani. Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta dabaru biyu da aka ƙago domin ƙafar mota ta kama ƙasa.

2.0 Tushen Matsalar

A tsakiyar gatari, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun mota biyu, akwai akwatin haƙora wanda ke barin ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta gudu a kwana. Aibinsa shi ne, idan ɗaya ta faɗa taɓo, sai ta yi ta wulwulawa, ta kan tudu kuwa ta tsaya cik. Nan ne mota kan kafe.

3.0 Dabarar Ƙarfe

A nan ana kulle haƙoran ne, ƙafafun su juya tare tilas, ko kuma a raba ƙarfin inji ga ƙafa huɗu, kamar yadda Land Rover ta yi tun 1948. Wannan dabara ba ta tsoron laka, kuma bakanike yana iya kwance ta ya gyara. Sai dai idan aka bar ta a kulle bisa kwalta, takan ci taya, ta wahalar da sitiyari.

4.0 Dabarar Lantarki

Ita kuwa 'yar na'ura ce a kowace ƙafa take ƙidayar juyinta, tana sanar da kwamfuta. A 1978 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da birkin da ba ya daskarar da ƙafa, a motocin Mercedes. A kansa aka gina tsarin da kan danne ƙafa mai santsi da birki, ya kuma rage wa inji wuta. Bisa jiƙaƙƙiyar kwalta ya fi kowane direba hanzari. Amma cikin zurfin taɓo, rage wutar kan sa mota ta nutse, ga shi kuma gano cutarsa sai da kwamfuta.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa lantarki ya fi dacewa da ɗan tasi mai jigila tsakanin Gusau da Tsafe, ƙarfe kuwa da mai ɗauko hatsi daga ƙauyukan Bunguɗu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai dukansu rabon ƙarfi kurum suke yi. Tayar da zanenta ya cinye, babu dabarar da za ta sa ta kama ƙasa.