Wane Digiri Ne Ke Kai Mutum Ga Aikin Likita?

Ba da daɗewa ba yawancinmu za mu bar wannan kwaleji mu tsaya gaban allo. Ko wane malamin kimiyya na sakandare kuwa ya san akwai wata tambaya wadda ba ta ƙarewa. Yaro zai zo ya ce, "Malam, ina so in zama likita, amma makin da na samu bai kai ba. An ce in karɓi wani fannin kimiyya tukuna, in na gama in koma. Wanne zan ɗauka?" In malami ya amsa da ka, bai san yadda abin ya ke ba, yana iya sa ɗan mutane ya yi hasarar shekara 4 ko 5, da kuɗin iyayensa. Saboda haka ya kamata mu duba al'amarin nan tun yanzu.

Da fari dai sai mu gane ba hanya ɗaya ƙasashe su ke bi ba. A Amurka ba a fita daga sakandare a shiga makarantar likitanci. Tilas mutum ya fara yin digiri na shekara 4, ya ci wata doguwar jarrabawa da a ke kira MCAT, sa'an nan ya yi waɗansu shekara 4 na likitanci. Makarantar likitanci ta Johns Hopkins, wadda aka buɗe a 1893, tana cikin na farko da suka ce sai mai digiri za su karɓa, daga baya sauran suka bi sawu. Abin mamaki, a can ba a damu da sunan digirin ba. Wanda ya karanta tarihi ko kiɗa yana iya shiga, muddin ya haɗa da darussan bayoloji da kemistiri da fizik waɗanda a ke bukata. Na kawo wannan ne domin yaranmu suna karanta shawarwari iri iri a intanet, yawancinsu kuwa don ɗaliban Amurka aka rubuta su. Shawarar gaskiya ce a can, amma a nan tana iya ɓad da mutum.

Mu a Nijeriya tsarin Ingila muka gada, tun daga makarantar likitanci ta Yaba wadda aka fara a 1930, da Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Yaro ya kan fito daga sakandare ya shiga likitanci kai tsaye. Ana neman kiredit 5, watau Turanci da lissafi da fizik da kemistiri da bayoloji, jami'o'i da yawa kuma sun fi son a same su a zama ɗaya. Sa'an nan ya rubuta jarrabawar JAMB a Turanci da bayoloji da kemistiri da fizik, maki 400 ke nan gaba ɗaya. Karatun shekara 6 ne. A shekarar farko kimiyya zalla a ke yi. A ta biyu da ta uku a koyi yadda jikin mai lafiya ya ke, a rufe da wata jarrabawa mai tsanani wadda ta kan tankaɗe mutane da yawa. Sauran shekarun a asibiti a ke yinsu, gefen gadon marasa lafiya. Bayan haka akwai shekara guda ta aikin gwaji ƙarƙashin manyan likitoci, da shekarar yi wa ƙasa hidima.

To, me ya sa wurin ya ke da ƙunci haka? Domin Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ita ke yanka wa ko wace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitinta. Masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Shi ya sa za ka ga yaro mai ƙoƙari ƙwarai an ce masa babu wuri, ga anatomi ko bayokemistiri in yana so.

Yanzu sai mu yi lissafi, gama mu malamai ne. Mai digirin kimiyya yana iya neman likitanci ta ƙofar da a ke kira shiga kai tsaye. Galibi a aji 2 na jami'a a ke sa shi, watau shekara guda tak digirinsa ya rage masa. A ce yara biyu sun gama sakandare suna da shekara 18. Na farko ya samu likitanci nan take, zai gama yana da 24. Na biyu ya yi digiri na shekara 4, ya yi hidimar ƙasa shekara 1, ya komo ya yi shekara 5, zai gama yana da 28. In da kuwa ya zauna gida ya sake rubuta JAMB ya ci, da ya gama yana da 25. Wannan lissafi ma na takarda ne, ba mu sa yajin aiki a ciki ba, alhali kuwa na malaman jami'o'i a 2022 kaɗai ya ci wata 8. Akwai kuma karatun share fage na kamar shekara guda, irin su IJMB wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke gudanarwa, da JUPEB, waɗanda su ma su kan kai mutum aji 2 in ya ci sosai. Saboda haka a ganina, yaron da makinsa ya gaza da kaɗan, gara ya sake gwadawa sau ɗaya kafin ya ɗauki doguwar hanya.

Waɗansu kuma su kan ce wa yaro, "Ka dai shiga, bayan shekara guda sai ka yi canji." Wannan cinikin biri a sama ne. Waɗansu jami'o'i suna yarda ga 'yan kaɗan masu maki mafi yawa, waɗansu ba su yarda ko kaɗan. Kada malami ya yi wa yaro alkawarin abin da ba a hannunsa ya ke ba.

Amma a ce yaro ya gwada bai samu ba, ko kuwa halin gida ba zai bar shi ya zauna jira ba. Wane fanni zai ɗauka? Akwai guda 3 waɗanda su ne ainihin abin da ɗalibin likitanci ke karantawa a aji 2 da aji 3.

Na farko anatomi, watau ilmin ƙirar jiki. A nan a ke koyon ƙasusuwa 206 na jikin baligi, da tsoka, da jijiyoyi, da inda ko wanne ya bi, har da feɗe gawa domin a gani da ido. Aikin hadda ne mai yawan gaske, wanda ya riga ya yi shi kuwa zai sami sauƙi ƙwarai in ya shiga likitanci, gama wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Amma fa shi ne mafi ƙuncin hanya in likitancin bai samu ba. Yawancin masu shi koyarwa ko bincike su ke komawa, wannan kuwa sai da ƙarin digiri.

Na biyu fisiyoloji, ilmin yadda gaɓoɓi su ke aiki. Shi ne mai tambayar "don me?" Zuciya tana tura jini kamar lita 5 ko wane minti in mutum yana hutawa. Ƙoda biyu suna tace ruwa wajen lita 180 a yini guda, amma fitsarin da ke fita bai cika wuce lita 1 da rabi ba. Ina sauran ya tafi, kuma me zai faru in ƙodar ta kasa mai da shi cikin jini? Mai son irin wannan tunani, wanda kuma ba ya gudun fizik da lissafi, nan ne wurinsa. Ni dai ina ganin wannan fanni shi ya fi koya wa mutum tunani irin na likita.

Na uku bayokemistiri, ilmin sinadaran da ke cikin jiki mai rai. Bari in ba da misali da ciwon da dukanmu muka sani, watau sikila, wadda kusan mutum 1 cikin 4 a ƙasar nan yana ɗauke da irinta ko da ba ta kwantar da shi. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jinin mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. Bayan 'yan shekaru Vernon Ingram ya gano inda bambancin ya ke. Sinadarin kamar carbi ya ke mai ƙwayoyi da yawa, ƙwaya ɗaya tak ce ta sake, ta 6 a cikin jerin. Duk ciwon ƙashin nan da kwanciya asibiti daga ƙwaya guda ya taso. Wannan shi ne irin abin da bayokemistiri ke buɗe wa mutum. Yana kuma da ƙofofi a waje, kamar masana'antun abinci da na magani da wuraren bincike. Sai dai yaron da kemistiri ke ba shi wuya a sakandare, kada a tura shi nan, zai nutse.

Akwai kuma maikurobayoloji, ilmin ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, irin ƙwayar tarin fuka da Robert Koch ya gano a 1882. Yara da yawa suna rububinsa don sunansa ya yi kama da aikin asibiti. Amma a sani, babban kashi na digirin game da abinci ne da ruwa da ƙasa da masana'antu. Yana da amfani, sai dai taimakonsa ga ɗalibin likitanci ba ya zuwa sai an kai shekarun asibiti.

Ga abin da na fi so mu riƙe. Guraben shiga kai tsaye kaɗan ne ƙwarai, jami'o'i da yawa kuma ba su duban mai digiri sai wanda ya fita da daraja ta ɗaya, ko kuwa ɓangaren sama na daraja ta biyu. Watau darajar digiri ta fi sunansa nauyi. Yaron da ya ɗauki anatomi don kusancinsa da likitanci, ya zauna shekara 4 zuciyarsa tana wani wuri, ya fita da ƙaramar daraja, ya rasa likitanci, ya kuma rasa abin yi da digirin. Ya fi kyau ya ɗauki fannin da kansa ke ja, wanda zai iya yin fice a ciki, wanda kuma zai ci abinci da shi ko da ƙofar likitanci ba ta buɗe ba har abada. Malami ya tambayi yaro a fili, "In ka tabbata ba za ka zama likita ba, za ka yarda ka yi aiki da wannan fanni?" In ya ce a'a, to a sake shawara.

Haka kuma in an kai shekarar ƙarshe, lokacin da ɗalibi ke zaɓen ɓangaren da zai ƙware da abin da zai yi bincike a kai. Mai nufin likitanci ya karkata wajen abin da ya shafi jikin mutum da cututtukansa, kamar jini ko ciwon sukari ko ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, ya kuma kama darasin ƙididdiga da kyau, gama likita ba ya rabuwa da karanta alkaluma. Amma kada ya zaɓi binciken da kayan aikinsa babu su a sashensu don kawai sunansa yana da daɗin ji. Ƙaramin aiki da aka gama da kyau ya fi kawo maki.

Wani abu da a kan manta shi ne lasisi. Digirin anatomi ko fisiyoloji ko bayokemistiri ba ya ba mutum izinin taɓa marar lafiya. Ko gwajin jini a asibiti ma yana da tasa majalisar da nasa lasisin. Amma akwai fannonin da ke ba da izinin aiki da kansu, kamar aikin jinya, da haɗa magunguna, da gwaje-gwajen asibiti, da gashin ƙashi, da ɗaukar hoton cikin jiki. Su shekara 5 ne ko fiye, shigarsu ma ba sauƙi, amma wanda ya gama yana da sana'a a hannu, guntun gatarinka kuwa ya fi sari ka ba ni. Yaron da abin da ya ke so da gaske shi ne ya taimaki marasa lafiya, lalle a nuna masa waɗannan. Sau da yawa likita kaɗai ya sani don shi a ke ambata a gida.

Mu kuma namu aikin tun daga aji 4 na sakandare ya ke farawa, sa'ad da a ke raba yara zuwa kimiyya da sauran fannoni. A nan ne za mu lura da wanda ke raina Turanci don yana ganin shi ɗan kimiyya ne, da yarinyar da ke tsoron fizik ba wanda ya kula. Sharuɗɗan jami'o'i kuma suna sakewa, ba kuma ɗaya su ke ba, abin da Ibadan ta karɓa mai yiwuwa ne Ikko ko Nsukka ko Jos ta ƙi. Hukumar JAMB tana fitar da littafin da ke nuna abin da ko wace jami'a ke nema ga ko wane fanni. Ko wane malamin kimiyya ya nemi na shekarar da a ke ciki, ya buɗe shafin likitanci tare da yaron, su karanta shi layi layi kafin a cika fam.