Kafin Ku Taɓa Rumbun da Ke Kan Aiki

 'Ya'yana, na ga da yawanku an fara damƙa muku rumbunan bayanai a makarantu da asibitoci da kamfanoni, kuma abin ya faranta mini rai. Gina sabon rumbu ba shi da wuya, domin babu haƙƙin kowa a ciki tukuna. Ana gane gwani ne ranar da aka ce ya sauya saitin rumbun da ya daɗe yana aiki, wanda ke ɗauke da albashin ma'aikata ko sakamakon ɗalibai. Umarnin ALTER DATABASE layi ɗaya ne tak. Kafin ku sake shi, ku san iyakarsa: abin da zai taɓa, abin da zai bari yadda yake, da mutanen da zai shafa.

Mu fara da abin da ya shafe mu kai tsaye. Kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, tsarin haruffan da manhajar ke zuwa da shi latin1 ne, kuma babu ɓ, ɗ ko ƙ a cikinsa. Idan aka shigar da suna irin Ɗanladi, ko dai rumbun ya ƙi karɓa, ko ya sa alamar tambaya a gurbin harafin. Sai matashi ya ba da umarnin mayar da rumbun utf8mb4, ya ga babu ƙorafi a allo, ya ɗauka aiki ya kammala. Alhali teburan da za a ƙirƙira nan gaba kaɗai umarnin ya shafa. Tsofaffin suna nan da tsarinsu na da, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da ALTER TABLE. Harafin da ya riga ya zama alamar tambaya kuwa, babu saitin da zai dawo da shi, sai an koma takardun asali. A PostgreSQL ma ba a sauya tsarin haruffan rumbu da wannan umarni ko kaɗan. Sai a kwashe bayanan, a gina sabon rumbu, a zuba su a ciki. Haka nan idan kuka saita agogon rumbun zuwa Africa/Lagos, waɗanda suka shiga bayan sauyin ne za su gani, wanda ke ciki tun da farko yana nan kan tsohon saiti har sai ya fita ya dawo.

Wani umarnin kuma ɓarnarsa ta fi yadda ake zato. A SQL Server, idan fayil ɗin da ke rubuta tarihin hada-hada ya kumbura, akan ruɗi yaro ya mayar da tsarin farfaɗowa daga FULL zuwa SIMPLE don ya sami fili. Filin zai samu, amma ya tsinke jerin ajiyar da ke ba da damar komar da rumbu daidai wani lokaci da aka zaɓa, kuma ko ya koma FULL, jerin ba zai sake ƙulluwa ba sai ya ɗauki sabon kwafin ajiya. Shi kuwa SINGLE_USER tare da ROLLBACK IMMEDIATE, korar kowa yake yi nan take, ya warware duk aikin da ba a kammala ba. Ku tuna da akawun da ke tsakiyar shigar da albashi a wannan lokacin. Shi ya sa ake irin wannan aiki da dare ko ranar hutu, bayan an sanar da mutane.

Kada ku dogara da kwafin ajiyar da ba ku taɓa gwada dawo da shi ba. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanan babban rumbunsu, yana zaton a kan na biyu yake aiki. Da aka nemi ajiya, sai aka tarar hanyoyin da aka tanada sun daɗe da lalacewa ba wanda ya lura. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan ne ya cece su, abin da aka shigar a tsakanin kuwa ya salwanta. Ƙwararru ke nan. Ina ga mu?

Saboda haka ku riƙe wannan tsari. Ku rubuta yadda saitin yake kafin ku taɓa shi, domin ku san hanyar komawa. Ku gwada sauyin a kan kwafi tukuna. Ku duba sunan sabar da kuke kai sau biyu. Ku sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ku ga sakamakonsa kafin ku matsa gaba. Bayan kun gama, ku rubuta abin da kuka yi da dalilinsa saboda wanda zai gaje ku. In abu ya shige muku duhu, ku tambayi na gaba da ku. Babu kunya a ciki, sannu ba ta hana zuwa.

Bayanan nan amana ce ta mutanen da ba su san ku ba, ba su kuma san akwai wani saiti ba. Allah ya ba ku ikon riƙe ta, ya sa albarka a sana'arku.