Takardar Likita Kafin Tiyatar Jinsi: Mece Ce Ita, Kuma Me Malamai Suka Ce?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Darasinmu na yau a kan wata mas'ala ce da mutane ke jin nauyin tambaya a fili: takardar da likita ke rubutawa kafin a yi wa mutum tiyatar jinsi. Na zaɓi in fara da yadda abin yake a wurin likitoci, domin ƙa'ida ce ta malamai cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci surarsa.

Da farko mu raba mutum biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai mata-maza, wanda fuƙaha'u ke kira khunsa, wato wanda aka haifa da gaɓoɓin da ba su fayyace namiji ne ko mace ba. Akwai kuma wanda jikinsa ya fayyace, amma yana fama da matsananciyar damuwa a ransa cewa jinsin jikin nan ba nasa ba ne. Na biyun shi ne ake kira mai neman sauya jinsi, kuma yawancin zancen takardar nan a kansa yake.

A Amurka da ƙasashe da dama, likitan tiyata ba ya taɓa irin wannan mutum sai ya zo da takarda daga wani ƙwararre, galibi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Ƙungiyar da ta fi shahara wajen tsara ƙa'idojin ita ce WPATH, wadda ta fara fitar da su a 1979. A bugu na bakwai na ƙa'idojin, tiyatar ƙirji tana buƙatar takarda ɗaya, tiyatar al'aura kuma takarda biyu daga ƙwararru biyu daban-daban, tare da wata 12 ana amfani da magungunan sinadarin jinsi. A bugu na takwas, na 2022, sun ce takarda ɗaya ta wadatar, ko da yake wasu kamfanonin inshora har yanzu biyu suke nema.

Me ake rubutawa a ciki? Tsawon lokacin da ƙwararren ya san mutumin, cewa damuwar ta daɗe tare da shi, cewa yana cikin hankalinsa kuma ya fahimci abin da zai amince da shi, cewa an duba sauran larurorinsa na jiki da na ƙwaƙwalwa, kuma an faɗa masa tiyatar tana iya raba shi da haihuwa har abada. Ka ga ko a can ma sun san aiki ne da ba a komowa daga gare shi.

To mu dawo ga malamanmu. A 1988 an yi wa wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar irin wannan tiyata a Alƙahira, rigima ta tashi har aka nemi fatawar Muftin Masar na lokacin, Shaikh Muhammad Sayyid Ɗanɗawi. Taƙaitaccen abin da ya tafi a kai shi ne: tiyata ta halatta idan amintaccen likita ya tabbatar akwai dalili a halittar jikin, domin a lokacin bayyanar da abin da ke ɓoye ake yi, amma ba ta halatta don sha'awar sauyawa kawai. A 1989 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka ta ce wanda gaɓoɓinsa suka cika na namiji ko na mace bai halatta ya sauya ba, suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i wadda ta yi zancen canza halittar Allah. Mata-maza kuwa suka ce a duba ɓangaren da ya rinjaya, a yi masa magani da tiyata ko da sinadarai. Wannan shi ne abin da jumhurun malaman Sunna na zamani suke a kai. Iran ta bi wata hanya daban: Ayatullahi Khumaini ya ba da fatawar halasci a shekarun 1980, kuma a can sai likitocin hukuma sun tantance, kotu ta ba da izini.

Lura da abu guda, ɗan uwa. Duk da saɓanin nan, ba wanda ya tsallake maganar likita. Magabata suna duba mafitsara da alamomin balaga, shi ya sa duk ɗalibin da ya sauke Mukhtasar na Shaikh Khalil ya san da mas'alar khunsa aka rufe littafin, har da yadda mushkili ke cin rabin gadon namiji da rabin na mace. Yau kuma ga gwajin ƙwayoyin halitta, ga hoton ciki da ke nuna ko akwai mahaifa, ga awon sinadaran jini. Ashe ke nan rahoton likita shi ne shaidar da mufti ke dogara da ita.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Ana haifar mata-maza a garuruwanmu, iyaye su ɓoye saboda kunya. Wallahi ɓoyon nan yana iya kisa. Akwai wata larura ta ƙullin da ke saman ƙoda, wadda ke sa a haifi 'ya mace da sura irin ta namiji, kuma wani nau'inta yana zubar da gishirin jiki har jariri ya mutu cikin makonnin farko idan ba a gano ba. Don haka a kai yaro babban asibiti da wuri. Kada a yi gaggawar yanka ko kaciya kafin a gama gwaje-gwaje. A adana duk takardun asibiti, domin da su za a je wa malami a kan suna, sahun salla, aure da gado.

Shi kuwa mai fama da damuwar jinsi, ko da fatawar da ka bi ta hana masa tiyata, ba ta halatta maka mutuncinsa ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙubba. Da yawa daga cikin masu wannan hali suna shiga ƙunci har su yi tunanin kashe kansu. Idan ɗanka ko ƙaninka ya buɗe maka cikinsa, ka saurare shi, ka rufa masa asiri, ka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa mai amana da malami mai tausayi. Duka da kora ba su taɓa warkar da kowa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya fahimtar da mu addininSa. Wallahu a'alam.