Kafe Iyakokin Ma'auni a Zane Mai Motsi: Darasi ga Masu Nazarin Karin Sauti

Gabatarwa

Ɗalibin ilimin furuci a wannan zamani yakan ɗauki murya, ya shigar da ita manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, ya fitar da alƙaluma. Daga nan sai ya kai alƙaluman wata manhajar lissafi, kamar MATLAB ko GNU Octave ko Python, domin ya zana su. Ranar gabatar da aiki gaban malamai kuwa, da yawa sukan so zanen ya motsa, layin murya ya riƙa tafiya a allo gaɓa bayan gaɓa, kamar yadda mai magana ya furta. Wannan dabara ce mai amfani, amma akwai tarko a cikinta: idan aka bar manhaja ta zaɓi iyakokin ma'auni da kanta, zanen zai iya ɓoye abin da aka zo nunawa, ko ya nuna abin da babu shi. Wannan maƙala za ta bayyana yadda hakan ke faruwa da yadda ake hana shi, tare da misalai daga karin sautin Hausa.

Abin da ake aunawa

Hausa tana da karin sama da karin ƙasa, da kuma faɗau, wanda yake haɗin biyun a kan gaɓa mai nauyi. Da su ake bambanta wuya na jiki, mai karin sama-ƙasa, da wuya ta wahala, mai karin ƙasa-sama, ko kuka na hawaye da kuka ta miya. Abin da na'ura ke aunawa shi ne sau nawa tantanin maƙwallato yake kaɗawa a daƙiƙa guda, ana rubuta shi da alamar Hz. A zane, layin kwance yana ɗauke da lokaci, layin tsaye kuma yana ɗauke da yawan kaɗawar. Iyakokin ma'auni su ne lambobin da kowane layi ya fara da su da waɗanda ya ƙare da su, misali daga 75 zuwa 300 a layin tsaye.

A cikin jimla akwai abin da za mu kira gangaren murya. Duk karin saman da ya biyo bayan karin ƙasa yakan sauko ƙasa da karin saman da ya gabace shi. Mona Lindau ta auna wannan a Hausa a 1986, Paul Newman kuma ya bayyana shi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Mu ɗauki jimlar "Musa ya sayi jaka a kasuwa". Gaɓoɓin Mu, sa da ya duk karin sama ne. Bayan sa na sayi, gaɓar yi ta sauko mataki ɗaya. Bayan ja, gaɓar ka ta ƙara sauka. Bayan a da ka, gaɓoɓin su da wa sun sauko mataki na uku. Idan kuma aka mayar da jimlar tambaya ba tare da kalmar tambaya ba, gangaren yakan ragu ko ya tsaya, karin saman ƙarshe ya ɗaga.

Ga mai nazari a Damagaram, wannan fage ne mai faɗi. Masarautar ta daɗe da alaƙa da Borno, kuma Hausa ta zauna kafaɗa da kafaɗa da Barbarci, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti. Ɗalibi daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai zai iya ɗaukar muryoyi a Birni da Zango, ya ƙara da na Mirriya da Magariya da Gure, ya tambaya ko zurfin gangaren ɗaya ne a ko'ina, kuma yaya yake idan aka gwama shi da na Kananci. Amsar irin wannan tambaya ta rataya ne ga kwatanci, kwatanci kuwa ba ya yiwuwa sai da ma'auni ɗaya.

Yadda manhaja ke sauya ma'auni

Zane mai motsi jerin hotuna ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Praat, idan an sa mata 75 a matsayin iyakar ƙasa, takan auna murya sau 100 a daƙiƙa, saboda haka jimla mai tsawon daƙiƙa 2 za ta ba da ɗigo kusan 200. A hoto na farko akwai ɗigo ɗaya, a na hamsin akwai hamsin, haka har ƙarshe. Ɗabi'ar manhajojin lissafi ita ce su dubi mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar da ke gabansu, su shimfiɗa iyakoki daidai da su domin zane ya cika allo. Wannan yana da kyau ga hoto guda. A zane mai motsi kuwa, kowane hoto yakan samu nasa iyakokin.

Mu ƙaddara cewa namiji ya fara jimlarmu a 150 Hz ya ƙare a 105. A hotunan farko, inda Musa kaɗai ya fito, muryar tana yawo ne tsakanin 148 da 152. Manhaja za ta buɗe wannan ƴar tazara ta cika allo da ita, sai mai kallo ya ga layi yana hawa da sauka kamar tudun rairayi, ya zaci akwai bambancin kari tsakanin Mu da sa, alhali babu. Da an iso sayi, ma'auni ya sake faɗaɗa, tudun ya baje. Matsala ta fi muni idan ana nuna gaɓoɓi ƴan kaɗan a lokaci guda, taga tana tafiya tare da magana. A nan kowane karin sama zai taɓo rufin allo, kowane karin ƙasa ya taɓo ƙasansa, gaɓar wa ta ƙarshe ta tsaya daidai inda Mu ta tsaya. Gangaren da aka sha wahalar aunawa ya ɓace ke nan.

Misalin wannan shi ne mai awon hatsi a kasuwar Dole da zai riƙa sauya tiya tsakanin awo da awo, babba yanzu, ƙarama an jima. Kowane awo zai cika har ya yi tozo, amma ba wanda zai iya faɗin buhun da ya fi wani.

Yadda ake kafe iyakoki

A MATLAB da Octave, umarnin axis([0 2 75 300]) yana kafe layin kwance daga 0 zuwa 2, layin tsaye daga 75 zuwa 300. Xlim da ylim kuma suna yin haka ga kowane layi shi kaɗai. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne su rubuta wannan umarni a sama, sannan su sa plot a cikin zagayen da ke maimaita zane. Duk lokacin da aka kira plot, yakan share fagen zane ya mayar da iyakoki hannun manhaja. Mafita mafi tsabta ita ce a zana layin sau ɗaya, a kafe iyakoki, sannan a riƙa sauya alƙaluman layin kaɗai:

h = plot(NaN, NaN);
axis([0 2 75 300]);
for k = 1:numel(t)
set(h, 'XData', t(1:k), 'YData', f0(1:k));
drawnow;
end

Wannan hanya ta fi sauri, domin ba a sake gina fagen a kowane hoto, abin da ke da muhimmanci ga mai aiki da tsohuwar kwamfuta. Wanda ya fi son barin plot a cikin zagaye, to lallai ya sa axis a bayansa, a kowane zagaye.

A Python, inda ake zane da matplotlib, ana kafe iyakoki da ax.set_xlim(0, 2) da ax.set_ylim(75, 300), a sabunta layi da set_data a cikin aikin da FuncAnimation ke kira. Tarkon a nan shi ne ax.clear(), wanda ke share layi da iyakoki gaba ɗaya. A R kuwa, sai a ba plot ƙimar xlim da ylim iri ɗaya a kowane hoto. Idan ana son taga mai tafiya, a bar layin kwance ya gusa amma a kafe faɗinsa, misali daƙiƙa guda ko da yaushe, layin tsaye kuma kada a taɓa shi.

Zaɓen iyakokin

Kafewa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin inda za a kafe. Ga ƙa'idoji huɗu.

Ta farko, a lissafa iyakoki daga dukkan alƙaluman da za a kwatanta, kafin a zana hoton farko, a ƙara ƴar tazara sama da ƙasa. Idan za a nuna jimlar bayani da ta tambaya, ko muryar Birni da ta Magariya, iyaka ɗaya za ta ɗauke su duka.

Ta biyu, a tsabtace alƙaluma. Baƙaƙe marasa ziza, irin su s da k a jimlarmu, ba su da kaɗawar tantani, don haka ba su da ƙima. Idan aka cike gurbinsu da 0, layi zai riƙa faɗawa ƙasa, iyakar da aka lissafa ma ta lalace. A sa NaN, manhaja za ta bar giɓi. A Python sai a yi amfani da nanmin da nanmax wajen lissafi. Haka kuma Praat takan yi kuskure wani lokaci ta ninka ƙima ko ta raba ta biyu, musamman idan akwai hayaniya ko ƙarar babur a bayan murya. Ɗigo ɗaya irin wannan ya isa ya tura iyakar sama zuwa 300, ya danne ainihin layin a ƙasan allo.

Ta uku, a lura da bambancin muryoyi. Jagorar Praat ta taɓa ba da shawarar 75 zuwa 300 ga maza, 100 zuwa 500 ga mata. Idan mace ta sauko daga 260 zuwa 182, ta sauko 78 Hz, namijinmu kuwa 45 kawai ya sauko. A kan ma'aunin Hz sai a ce gangarenta ya fi zurfi, alhali kowannensu ya ƙare ne a kashi 70 cikin 100 na inda ya fara. Maganin wannan shi ne a juya alƙaluma zuwa matakan sauti, waɗanda 12 daga cikinsu ke daidai da ninkin ƙima, da lissafin 12*log2(f0/tushe), inda tushe yake matsakaicin muryar kowane mai magana. A wannan ma'auni su biyun sun sauko mataki 6 da ƴan kai, sai a kafe iyaka ɗaya a kansu.

Ta huɗu, a rubuta iyakoki da sunan ma'auni a ƙarƙashin zane, domin mai karatu ya iya gwama aikin da na wani.

Zanen wasula

Darasin ya shafi wasula ma. A zanensu akan ɗora F1 a layin tsaye, F2 a layin kwance, a juya dukkansu domin i ya zauna sama ta hagu, u sama ta dama, a kuma ƙasa. A matplotlib ya isa a rubuta babbar lamba da farko, kamar set_xlim(2500, 500). A MATLAB sai an sa XDir da YDir su zama reverse, kuma plot yakan share wannan ma. Mai nazarin tagwan wasali ai, wanda a bakin wasu yakan kusanci e mai tsawo, yana son ya ga nisan tafiyar harshe daga farkon wasalin zuwa ƙarshensa. Idan ma'auni yana sauyawa, gajeriyar tafiya da doguwa duk za su ratsa allo daga kusurwa zuwa kusurwa.

Kammalawa

Kafin a kai zane mai motsi gaban malamai, akwai gwaji mai sauƙi: a tsayar da shi a hoto na farko, da na tsakiya, da na ƙarshe, a karanta lambobin da ke gefe. Idan ba su zo ɗaya ba, a koma ga umarnin da ke cikin zagaye, a nemi plot ko clear da ke share iyakoki, a gyara kafin a yanke wani hukunci game da karin sautin Damagaram.