DARASIN KIWON LAFIYA: An samo allurar rigakafin masassarar cizon sauro

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na yau a kan masassara yake. Kowa ya san ta. Idan ruwan damana ya zauna, tabkuna suka cika, sauro ya yi yawa, sai yara su fara kwanciya. Daga watan Agusta zuwa Oktoba likita takan cika da mata da goyonsu. Lokacin kuwa aikin gona ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ba su hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙidaya cewa a shekarar 2023 wannan cuta ta kashe mutum wajen 597.000 a duniya. Kusan dukansu a Afirka suke, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Ƙasashe huɗu ne suka ɗauki fiye da rabin wannan rashi: Nijeriya, Kwango, Nijar da Tanzaniya. Ke nan maganar ta shafi gidan kowa daga cikinmu.

Amma akwai labari mai daɗi. Masana sun samo allurar rigakafin wannan cuta, kuma ta iso ƙasarmu. Mu karanta a hankali, mu gane amfaninta, mu kuma gane iyakarta.

INA MASASSARA TAKE FITOWA?

Wasu suna cewa ɗanyen hatsi ne ke kawo ta. Wasu suna cewa dukan ruwan sama ne, ko sabuwar madara. Dalilin da ya sa ake faɗin haka shi ne waɗannan abubuwa suna zuwa lokaci guda da sauro. Amma mai laifin shi ne sauro.

A shekarar 1880 wani likita ɗan Faransa mai suna Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya duba jinin marar lafiya a madubin likita. Ya ga wata ƙwayar cuta ƙarama wadda ido ba ya gani. A shekarar 1897 wani likita ɗan Ingila mai suna Ross, yana aiki a Indiya, ya ga wannan ƙwaya a cikin cikin sauro.

Ga yadda abin yake. Macen sauro ce ke cizo, galibi da dare. Ta ciji marar lafiya, ta sha jininsa tare da ƙwayar. Bayan ƴan kwanaki ta ciji mai lafiya, ta zuba masa ita. Ƙwayar ta wuce cikin hanta, ta ɓuya wajen mako ɗaya, ta hayayyafa. Daga nan ta fito cikin jini, tana fasa shi. Shi ne jiki zai yi zafi, a yi rawar sanyi, kai ya yi ciwo. Idan abin ya daɗe jinin yaro ya ƙare, tafin hannunsa ya yi fari.

YADDA AKA SAMO ALLURAR

Aikin bai zo da sauƙi ba. An fara shi a shekarar 1987. Sai a shekarar 2019 aka fara yi wa yara da yawa allurar a ƙasashe uku: Gana, Kenya da Malawi. Yara fiye da miliyan 2 suka samu. Da aka yi lissafi, an ga mutuwar ƙananan yara ta ragu da 13 cikin 100 a wuraren da aka yi ta. A watan Oktoba na 2021 OMS ta yarda a yi amfani da ita. Sunanta RTS,S.

Akwai allura ta biyu, sunanta R21. Masanan jami'ar Okusfod ta Ingila ne suka haɗa ta. An gwada ta a garin Nanoro na Burkina Faso, a ƙarƙashin wani masani ɗan ƙasar mai suna Halidu Tinto. OMS ta yarda da ita a watan Oktoba na 2023. Ku lura, maƙwabtanmu suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki.

Kamaru ta sa allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum a watan Janairu na 2024. Burkina Faso ta bi ta a watan Fabrairu. A Nijar an fara a watan Satumba na 2024, a Gaya, cikin jihar Doso.

YAYA ALLURAR TAKE AIKI?

Idan mai gadi ya san fuskar ɓarawo, zai tare shi tun daga ƙofa. Allurar tana nuna wa jikin yaro kamannin ƙwayar cutar. Ran da sauro ya zuba masa ita, jikin zai gane ta, ya yaƙe ta kafin ta shiga hanta.

Ƙananan yara ake yi wa, tun suna ƴan watanni. Sau huɗu ake yin ta. Uku na farko kafin yaro ya cika shekara, ta huɗu a cikin shekararsa ta biyu. Ta huɗun ita ce ake yawan mantawa, domin yaro ya fara tafiya, uwa ta daina zuwa awo. Ƙarfin allurar kuwa yana raguwa da daɗewa, ta huɗun ce ke ƙara masa kwana. Ma'aikacin likita zai rubuta ranar komawa a katin yaro. Mu da muka koyi karatu, mu riƙa duba katin, mu tuna wa matan gida da na maƙwabta.

Bayan allura jikin yaro yana iya yin ɗan zafi, wurin allurar ya ɗan kumbura. Wannan yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan bai wuce ba, a koma likita.

ALLURA ITA KAƊAI BA TA ISA BA

A nan ne ya kamata a buɗe kunne. Wani zai ce: "Tun da an yi wa ɗana allura, na huta da ɗaura sange." Wannan kuskure ne babba. Allurar tana rage kamuwa da fiye da rabi a shekarar farko, amma ba ta hana duka. Yaron da aka yi wa allura yana iya kamuwa.

Ku dubi murhu. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Sai da duwatsu uku. Haka kāriyar yaro take.

Dutse na farko: sange mai magani, wato gidan sauro. A ɗaura shi kowane dare, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Idan ya yage a ɗinke. Kada a kai shi garka, kada a rufe kaji da shi. A wurare da yawa sauro ya saba da tsohon maganin da ake sa wa sange. Saboda haka masana suka yi sabo mai magani iri biyu. An gwada shi a Tanzaniya da Binin, ya rage masassarar yara da kusan rabi a kan tsohon. OMS ta yarda da shi a shekarar 2023.

Dutse na biyu: maganin damana. Shi ne wanda ake bi gida gida ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5. An fara shi a Nijar a shekarar 2013. Ana ba da shi wata wata, tun daga Yuli har Oktoba. Kowane zagaye kwana uku ne. Ran farko a gaban ma'aikaci ake sha. Rana ta biyu da ta uku suna hannun uwa. Kada a ɓoye ƙwayoyin a ce sai ran da yaro ya kwanta. Kada a raba wa yayyensa.

Dutse na uku: allurar rigakafi, sau huɗu cif.

Masana sun gwada wannan a Burkina Faso da Mali, inda damanarsu irin tamu ce. Sun raba yara wajen 6.000 kashi uku. Kashi ɗaya allura kaɗai, kashi ɗaya maganin damana kaɗai, kashi ɗaya duka biyu. Aka bi su shekara uku. Sakamakon ya fito a shekarar 2021. Idan yara 10 sun kwanta asibiti da masassara mai tsanani cikin masu abu ɗaya, wajen 3 ne suka kwanta cikin masu duka biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

IDAN JIKIN YARO YA YI ZAFI

Kada a jira gobe. Kada a ce sai an tashi daga gona. A kai shi likita ran nan. Za a ɗauki ɗigon jini a ɗan yatsansa, cikin minti 15 zuwa 20 a san ko masassarar sauro ce. Idan ita ce za a ba da magani na kwana uku. A shanye shi duka, ko da yaro ya tashi yana wasa. Maganin da ake tallarsa a kasuwa cikin rana ba abin dogara ba ne.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida:
1. Yaro ya ƙi nono, ya ƙi shan ruwa.
2. Yana amai da duk abin da ya sha.
3. Yana jijjiga, ko idonsa ya kafe.
4. Yana barcin da ba a iya tashe shi.
5. Tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari.

Ko tsakar dare ne a ɗaura amalanke. Maigida, kai ne za ka ba da izni da kuɗin hanya. Ka ba da iznin tun yau, domin kada matarka ta zauna jiranka ran da ba ka gida.

Mace mai ciki ita ma ta kwana cikin sange. Ta riƙa zuwa awon ciki, a can za a ba ta nata maganin rigakafi.

TAMBAYOYI
1. Mene ne yake kawo masassara?
2. Ina ƙwayar cutar take ɓuya kafin ta shiga jini?
3. Sau nawa ake yi wa yaro allurar?
4. Faɗi duwatsu uku na kāriyar yaro.

LISSAFI
1. An fara aikin allurar a 1987, an yarda da ita a 2021. Shekara nawa ke nan?
2. A wani gari yara 25 za a yi wa allura, kowane sau 4. Allura nawa ake bukata?

RUBUTU
Ku rubuta a littafinku: sauro, sange, hanta, allura, rigakafi.

AIKIN GIDA
Kowa ya ɗauko katin rigakafin ƙaramin yaron gidansu. Ya karanta ranar komawa likita, ya rubuta ta a littafinsa. A zama na gaba malami zai duba.