Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Shawara Ga Masu Kiwon Kifi

Wani matashi daga Kaugama ya aiko min da tambaya. Ya ce ya zuba ƙananan tarwaɗa a tankin siminti da ya gina a gidansu, bayan mako uku ruwan ya koma fari-fari kamar an dama koko a ciki, yana kuma wari. Yana so in gaya masa maganin da zai saya idan ya shiga Haɗejiya.

Ɗan'uwa, tukuna, ajiye kuɗinka. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala a fadamun Kogin Haɗejiya ya ragu, kifin kogi ya yi ƙaranci, jama'a da dama suka koma kiwo a gida. Sai dai kogi yana wanke kansa, tanki kuwa sai mai shi ya wanke masa. Duk abin da ka jefa a ciki yana nan har sai ka fitar da shi. Saboda haka kafin neman magani, nemi dalili, kuma launin ruwan ne zai gaya maka.

Ga gwajin farko, ba ya cin ko kwabo. Ɗebi ruwan a kwalba mai haske, ka ajiye ta a inuwa ta kwana biyu, sannan ka duba.

Idan laka ta kwanta a gindin kwalbar, sama ya washe, to ƙasa ce. Hakan ya fi faruwa da damina, musamman a watan Agusta da Satumba, ga wanda ke jawo ruwa daga kogi ko kududdufi. Ka samu wani tanki ko duro da za ka riƙa tara ruwan ya kwana ya kwanta, sai ka zuba na saman kawai. Mun saba sa alif a randar gida don ruwa ya washe, amma kada ka watsa shi cikin tanki alhali kifi na ciki, domin yana ƙara wa ruwa tsami. Haka nan ka guji ruwan da ya biyo ta gonakin shinkafa bayan an yi feshi, maganin ƙwari yana kashe ƙananan kifi cikin sa'o'i.

Idan ruwan kore ne, gansakuka ce, wadda hasken rana da kashin kifi ke haifarwa. Kaɗan daga cikinta ba laifi, karfasa ma abincinta ne. Tsoma hannunka cikin tankin har gwiwar hannu, wajen santimita 30 zuwa 40. In kana hango tafinka, lafiya lau. In ya ɓace tun daga ɗan nesa da wuyan hannu, ta yi yawa. Haɗarinta da dare yake: da rana tana ba ruwa iskar oksijin, da dare kuma tana zuƙe ta. Shi ya sa yawancin asarar kifi kan faru ne gab da asuba. Yi wa rabin tankin rumfa da zana ko buhu, ka rage ruwan ka ƙara sabo.

Idan kuwa ruwan fari-fari ne ko ruwan toka, bai kwanta a kwalba ba, ga kuma wari, to irin naka ke nan, kuma a nan zan daɗe. Abin da kake gani ƙwayoyin bakteriya ne da suka hayayyafa a kan ragowar abinci da kashin kifi. Kusan kullum hannun mai ciyarwa ne sanadi. Sabon mai kiwo yana ƙaunar ganin kifinsa na wawaso, sai ya yi ta watsa abinci. Abin da ba a ci ba ya nutse ya ruɓe, ya fitar da amoniya mai ƙona harzar kifi, bakteriyar kuma ta cinye iskar ruwan. Tarwaɗa tana yaudarar mai ita, domin tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska, sai ka ɗauka lafiya take alhali ta daina girma.

Ga abin yi, bi da bi:

1. Dakatar da abinci na kwana ɗaya ko biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwaɗa, ruɓaɓɓen ruwa yana kashe ta.
2. Zuƙe dattin gindin tanki da tiyo, ka kwashe duk kifin da ya mutu nan take.
3. Fitar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan, ka mayar da sabo a hankali, da sassafe ko da yamma. Kada ka juye shi duka lokaci guda, canjin sanyi ko zafi farat ɗaya yana gigita kifi.
4. Bari sabon ruwan ya zubo daga sama yana fantsama, domin ruwan burtsatse ba shi da isasshiyar iska. Na famfo kuma a bar shi a buɗe ya kwana saboda sinadarin kulorin.
5. Da ka dawo da ciyarwa, ba su abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15. In ya ragu, gobe ka rage.

Ka kuma lura da lokaci. Da hunturu kifi ba ya ci sosai, sai a rage masa. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a yankinmu, ruwa ba ya riƙe iska sosai, abinci kuma yana saurin ruɓewa, sai a yawaita canjin ruwa. In tankinka sabo ne, ka sani ɗanyen siminti shi ma yana sa ruwa fari, yana kuma ƙona fatar kifi. Ana jiƙa shi a zubar sau da yawa cikin kamar mako biyu kafin a zuba kifi.

 

Ruwan da ka fitar kada ya tafi kwata. Kai shi lambun tumatir ko attaruhu, taki ne mai kyau. Sannan ka mai da shi al'ada, bayan sallar asuba ka tsaya a bakin tankinka ka dubi launin ruwa, ka shinshina, ka ga yadda kifin ke motsi, kafin hannunka ya taɓa buhun abinci. Allah Ya sa wa kiwon albarka.