Shirin Ziyarar Yini Guda Zuwa Badagri

Badagri gari ne a bakin teku, yamma da Ikko. Daga nan Clapperton ya kamo hanya a 1825 har Sakkwato, inda ya rasu a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Saboda haka mai nazarin tarihin ƙasar Hausa yana da abin nema a can.

Wajibi ne mai ziyara ya yi sammako daga Ikko, domin cunkoson motoci kan cinye safiya. Ya fara da benen mishan na 1845, sannan gidan tsare bayi na Sariki Abbas. Kafin la'asar ya shiga kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, inda a da ake loda bayi cikin jirage. Wanda ya makara, dare zai hana shi tsallakawa. Rani ya fi dacewa da wannan tafiya, domin ruwan Yuni da Yuli kan ɓata shiri.